Injiniya Fargal bai taka gadarsa ba, Nusaiba za ta taka

Nusaiba ta samu aikin jirgi.

An ɗauke ta injiniya a layin dogon Masha'ir, wanda yake bi ta kan gada yana jigilar alhazai a nan Makka, kuma ɓangaren Muzdalifa aka tura ta. Saƙon ya shigo wayarta yau da safe ina tsakiyar shan shayi. Ta fito daga ɗaki ba ko takalmi, tana "Sidi, Sidi," yadda jikoki suke kiran kaka a nan, ta kasa ƙarasawa. Na karɓi wayar na karanta da kaina.

Da kaina, jama'a. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri gaisuwa ta zo a baya, yau ba na cikin hayyacina.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Haruna direba, haifaffen Jarwal, girman Nakkasa, duk unguwannin Makka. Nusaiba jikata ce, 'yar babban ɗana. Ranar Lahadi za ta fara aiki. Akwai waɗanda suka ce ba za ta je ba, kuma babbansu surukina ne, Alhaji Mamman, kakanta na wajen uwa. Na san yana karanta wannan, domin jikokinsa suna karanta masa duk abin da na rubuta. To Alhaji, gyara zama.

Amma kafin in zo kanka, akwai mutumin da ya kamata a ce shi na fara kira da safen nan. Na ɗauki waya har na nemo sunansa, sannan na tuna.

Injiniya Fargal ya rasu kafin azumin da ya wuce.

Lokacin na sa hotonsa a nan da kalmomi kaɗan. Kun tuna abin da wasunku suka rubuta a ƙasa. Wai ina zaune a garin Allah ina yabon wanda ba ya salla. Wani yaro da na goya a Nakkasa ya ce in ji tsoron Allah in goge. Ban goge ba, ban kuma amsa ba, saboda zuciyata ba ta da ƙarfin magana a lokacin. Yau tana da shi.

Na san shi ne lokacin da ake gina layin. An ɗauke ni in riƙa tuƙa wani injiniya daga Jidda. Ranar farko na ga dogon tsoho, jan fuska, wuyansa duk rana ta ƙone. Muna cikin tafiya matata ta kira, muka yi magana a kan cefane. Ina ajiye waya sai na ji daga bayana an ce, "Malam, ina gajiya? Yaya uwargida?"

Saura kaɗan in hau kan babbar mota.

Ashe ya yi shekaru a Najeriya yana saurayi, yana gyaran kwalbatocin layin dogo tsakanin Zariya da Ƙauran Namoda, waɗanda damina take cinyewa. A bakin leburori ya koyi Hausa. Hausarsa ta tsofaffi ce, ba Larabci a ciki ko ɗaya. Ni da na ce "tayyib" sai ya ce "madalla." Ni Bahaushe ban taɓa ganin ƙasar Hausa ba, iyayena ne suka zo ta Sudan da ƙafa. A bakin wannan mutumin na ji yadda ƙasa take ƙamshi idan ruwan farko ya sauka a Zariya.

Abu ɗaya yake ɓata masa rai, a ce masa Baturen Ingila. Sai ya ɗaga yatsa ya ce shi mutumin Ayalan ne, kuma ƙasarsa Turawan Ingila suka fara mulka tun kafin su san hanyar Kano.

A mota ya ba ni labarinsa, kaɗan kaɗan, tsakanin Jidda da bakin aiki. Ubansa mai tsaron ƙofar jirgi ne a wani ƙauye a yammacin ƙasarsu, shi yake rufe hanya idan jirgi zai wuce. Yana yaro aka ce layin ba ya kawo riba, aka rufe. Ya tsaya a ƙofar gidansu yana kallo aka tumɓuke ƙarafan aka loda a mota. Ya ce ubansa ya ci gaba da fentin ƙofar nan duk shekara har ya mutu, ba jirgi, ba dogo, sai ciyawa.

Ya yi karatu, ya gina gadoji a gida, ya haƙa ramin jirgi a Ingila, ya je Najeriya, ya je ƙasashen gabas. Ya ce mini duk inda ya shimfiɗa ƙarfe, na ƙofar ubansa yake mayarwa. Aikin Muzdalifa shi ne na ƙarshe. Ba shi kaɗai ba ne, injiniyoyi da yawa suka yi layin, shi nasa duba magudanan ruwa da hanyoyin hawa tasha.

Ga abin da waɗanda ba a Makka suke ba ya kamata su gane. Wanda ba Musulmi ba ba ya shiga. A kan hanya akwai allo inda titi ya rabu biyu, namu ya miƙe, nasu ya kewaya. An ajiye masa ofishin kwantena a can waje. A nan yake wuni da zane da waya. Injiniyoyi Musulmi su shiga su auna su kawo masa. Abin da yake ginawa yana bayan duwatsu, bai taɓa ganinsa da ido ba sai a hoto.

Ni kuma ya mayar da ni ƙafafunsa.

Yana da wata al'ada da kowa yake yi wa dariya. Duk inda aka zuba sabon kankare ya bushe, sai ya aike ni da gorar ruwa. In tsaya a sama in zuba, in bi ruwan da waya in nuna masa inda ya nufa. Idan ya gangara magudana, ya ce madalla. Idan ya kwanta wuri ɗaya, ranar ba wanda zai sha shayi cikin kwanciyar hankali. Ana ce masa wace damina ake yi a Makka? Ya ce ya ga tabon ambaliya a jikin duwatsun hanya, kuma jirgi ba nauyi yake tsoro ba, ruwa yake tsoro. Mu da muka ga sel, wato ambaliya, yana ɗaukar motoci a cikin gari mun san bai yi ƙarya ba.

Yana kuma tambayata abin da ba ya cikin zane. Yaya tsofaffin mata suke tafiya idan an taso daga Arfa? Na ce masa a jere, kowace ta riƙe mayafin ta gabanta, idan ɗaya ta tsaya duk sun tsaya. Wa yake ɗauke da kaya? Ina suke neman jingina? Ya sa na kwaikwayi tafiyar gwaggota a gaban kwantena, leburori suna ta dariya, shi kuwa yana kallon gwiwoyina ba ko murmushi. Ya yi ta rigima a taro har aka bar wuraren hutawa a hanyar hawa yadda yake so.

Wata rana ya ce in karanta masa lambar da ke jikin wani ginshiƙi. Na ce masa ga wata kamar ƙugiya, ga wata kamar ƙwai biyu a ɗore. A nan ya gane ban iya karatu ba.

Da na dawo bai tona mini asiri a gaban mutane ba. Sai da muka shiga mota ya tambaye ni ko akwai makarantar manya a unguwarmu. Na ce akwai, bayan magariba, amma lokacin ina kan hanyar Jidda da shi. Ya ce daga gobe shi zai riƙa mayar da kansa gida. In kawo shi da safe, in bi motar leburori in koma da la'asar.

Haka aka yi. Tsohon nan ya riƙa tuƙa kansa a titin Jidda, wanda ya san titin ya san abin da nake nufi, don ni in zauna a kan bencin yara da furfurata ina haɗa baƙi. Da safe ya ce in karanta masa allunan hanya. Idan na yi kuskure ya ce, "Sake, Malam Haruna, allon ba zai gudu ba."

Alhaji Mamman, ka tuna abin da kake ce mini lokacin? Ɗan makaranta mai jika. Kana tambayata ko an ba ni alewa.

Da wannan karatun na karanta saƙon jikarka yau.

Yanzu ga abin da ya sa ba zan goge hotonsa ba ko duniya za ta taru.

Ana gab da gama aiki, aka samu matsala a wata magudana, ana ta kai da kawowa a waya ba a gane ba. Wani ɗan kwangila, ba zan faɗi ko ɗan wace ƙasa ba ne, ya zo kwantena da farar riga da ɗankwalin maza a leda. Ya ce Injiniya ya saka ya zauna a bayan mota, gilashi mai duhu ne, ba wanda zai duba. In kuma yana son hanya mai tsabta, ya je ya faɗi kalmar shahada a ba shi takarda, abin da ke zuciyarsa ba ruwan kowa. Ina tsaye a bakin ƙofa. Mai maganar nan Musulmi ne.

Fargal ya tura ledar gefe. Da Turanci ya fara amsawa, sannan ya juyo ya faɗa da Hausa don in ji.

"Gidan da aka ce kada in shiga, ba zan shiga ta taga ba. Kalmar nan kuma na ga Haruna yana faɗinta idonsa na kawo ruwa. Ba zan faɗe ta don in duba kankare ba."

Ya miƙo mini gora ya ce in je in sake zubawa.

Ku da kuka ce ina yabon wanda ba ya salla, ku gaya mini, tsakanin mutum biyun nan wa ya girmama Makka a ranar?

Kada wani ya ce ban kira shi Musulunci ba. Na kira shi, ba sau ɗaya ba. Yana saurara har in gama, ya yi tambayoyi, ya ce zai yi tunani. Bai karɓa ba a sanina. Wannan yana mini ciwo har gobe, ba zan ɓoye ba. Amma ba zan yi masa ƙarya bayan ransa in ce ya karɓa don bakinku ya yi shiru ba. Shi bai yi ƙaryar ba yana raye.

Nusaiba tana ƙarama lokacin. Wani hutun makaranta ta maƙale mini sai na je da ita, na kai ta kwantena. Ba ta jin Hausa sosai, shi ba ya jin Larabci, ni ne tafinta. Ya fito da ita waje, ya riƙe gora a sama, ya ce kafin ya zuba ta nuna masa inda ruwan zai bi. Ta tsuguna, ta kwantar da kumatunta kusa da ƙasa, ta daɗe tana kallo, sannan ta nuna. Ya zuba. Ruwan ya bi wani wajen daban.

Ta ɓata rai za ta yi kuka. Ya ce mata shi ma haka ruwa ya yi ta ƙaryata shi shekara da shekaru, shi ya sa yake tambayarsa kullum. Ta ce a sake. Suka ƙarar da ruwan shan ofis gaba ɗaya a ranar.

Tun daga nan gidanmu bai huta ba. Tsakar gida, matakala, rufin ɗaki, ko'ina Nusaiba ta zuba ruwa. Kakarta ta ce Nasaran nan ya haukata mana yarinya.

Ganina da shi na ƙarshe, ranar da zai tafi. Na zo kai shi filin jirgi, sai ya ce mu fara bi ta wajen allon. Na tsaya a gefen titi kafin mararraba. Ya fita ya tsaya, hannu a aljihu, yana kallon duwatsun da Makka take bayansu. Motocin masu Umra suna ta wucewa. Ya daɗe. Na jira shi a mota.

Da ya dawo mota ya ciro ma'aunin magina daga jakarsa, irin mai ƙwayar iska a cikin ruwa, katakonsa ya yi baƙi don tsufa. Ya ce tun Zariya yake tare da shi, in kai wa Nusaiba. Sannan ya ce, "Kafin kowane aikin Hajji ka je ka zuba mini ruwa. Har ranar da za a samu wanda aikinsa ne ya zuba."

Na yi. Duk shekara, a inda ake barin mutum ya isa, a gindin tasha. In zuba, in ɗauka a waya, in tura masa. Ya amsa da kalma ɗaya, madalla. Lokacin da aka rushe Nakkasa muka kwashe kaya a gurguje, abubuwa da yawa sun ɓace, har hoton aurena. Ma'aunin nan a cikin rigarta Nusaiba ta fito da shi.

Kiranmu na ƙarshe muryarsa ta yi ƙasa sosai, Hausar ma tana ɓace masa. Abin da ya iya haɗawa shi ne, "Yarinya ta gama?" Na ce saura kaɗan. Ya ce to, yana jira.

Bai jira ba. 'Yarsa ce ta aiko mini da labarin rasuwarsa. Ta ce a asibiti ya riƙa magana da wani harshe da ba su sani ba, tana zaton namu ne.

To, Alhaji Mamman.

Yau kafin azahar ya iso gidana da sandarsa, ko zama bai yi ba. Ya ce shi bai hana karatu ba, ya yi shiru har ta gama jami'a. Amma a nema mata ofis mai sanyi, ko ta koyar. Da Sakkwatancinsa da shekara sittin a Makka ba su goge ba ya ce, "Ɗiya mace bisa ƙarhe, cikin rana, tsakanin maza? Mi mutane za su ce?"

Ɗana, uban yarinya, yana tsaye tsakaninmu yana kallon tabarma. Ya ce duk abin da iyaye suka yanke. Ban ga laifinsa ba, surukinsa ne.

Na ce Alhaji, Hajjin da ka yi bayan an yi maka aikin gwiwa, da me ka taso daga Arfa? Ya ce da jirgi. Na ce da kake hawa tasha numfashinka ya ƙare, ina ka tsaya? Ya ce akwai wani fili a tsakiyar hawan, ya jingina a nan. Na ce wannan filin da gwiwar gwaggota aka auna shi, kuma wanda ya yi rigima a kansa shi ne mutumin da ka ce ya lalata mini tunani. Ka jingina da aikinsa ka yi wa Allah godiya, yau kuma jikarka ba za ta kula da wurin ba?

Ya ce wannan daban.

Na ce uwarka da tawa da ƙafa suka ratsa Sudan, cikin rana, tsakanin maza, da goyo a baya. Ba wanda ya nema musu ofis mai sanyi. Matanmu sun yi shekaru suna sayar da abinci a bakin titi suna gudun 'yan baladiyya, ma'aikatan hukuma masu kamen talla. Wannan ranar ba ta ƙona su ba sai ta injiniya?

Nusaiba tana bakin ƙofa duk wannan lokacin. Na ce amaryata, ke ake magana a kanki, kin yi shiru. Ta matso ta durƙusa a gabansa, ta haɗa 'yar Hausarta da ƙyar. Ta ce, "Kaka, hijabina yana nan, hular kwano a kansa take zama. Akwai mata a ƙungiyar. Ina so in je da albarkarka. Amma zan je."

Ya kalle ta, ya kalle ni, ya ce ni na ɓata ta. Na ce na karɓa, kuma da za a sake ba ni ita ƙarama sai na ƙara.

Ya juya zai fita. A bakin ƙofa ya tsaya yana neman takalminsa da sanda, ya daɗe yana nema alhali yana gabansa. Ba tare da ya waiwayo ba ya ce shi bai yarda ba, sai ya ga wurin da idonsa.

Ban san ko wannan amincewa ce ba. Na dai san ranar Lahadi ni zan tuƙa ta, kuma kujerar gaba a buɗe take.

Ga masu jiran in yi kuskure a addu'a, ku huta. Na yi tambaya, na san inda addinina ya ce in tsaya, kuma a nan zan tsaya. Fargal ya zo har bakin allo ya tsaya bai ƙetare ba. Ni ma zan zo masa har bakin nawa allon, ba zan tsaya nesa don tsoron bakinku ba. Lamarinsa yana hannun Allah, kuma Allah ba ya zaluntar kowa. Abin da zan iya shi ne shaida: ya riƙe amana, ya girmama Harami, ya sa an koya mini karatu, bai taɓa hana ni salla a kan lokaci ba. Wannan zan faɗa a nan, zan faɗa a ko'ina.

Allah Ka ba 'yarsa haƙuri, Ka shiryar da ita da zuriyarta. Allah Ka tsare Nusaiba a kan gadar nan, Ka tsare ƙafarta da mutuncinta, Ka sa ta riƙe amanar baƙinKa yadda ya riƙe. Allah Ka kai duk alhajin da ya hau jirgin nan lafiya. Allah Ka sanyaya zuciyar Alhaji Mamman, Ka ƙara wa gwiwarsa ƙarfi. Wanda ya karanta har nan, don Allah ya ce amin, ya sa yarinyar nan a addu'arsa.

Lahadi da hantsi ƙungiyarsu za ta fara zagayen duba layi a Muzdalifa. Ba a hawa sama, amma titin ƙasa a buɗe yake, yanzu ba cunkoso. 'Yan Nakkasa duk inda rusau ya watsa ku, 'yan Jarwal, abokan makarantar manya da suka rage, har da ku masu cewa in goge, ku zo. Ku tsaya a ƙarƙashin gadar ku ɗaga kai. Za ku ga farar hular kwano a kan baƙin hijabi.

Ta riga ta sa ma'aunin a jaka. Gorar ruwa kuma ni zan cika mata, amma ba ni zan zuba ba.

Ku zo ku gani.